HUTUN MA'AIKACIYA HAƘƘI NE, BA ALFARMA BA

A wannan mako filinmu zai yi magana ne da ke da kike fita aiki, da ke uwargida da 'yarki ko ƙanwarki ke karɓar albashi, da kuma ku 'yan makaranta da gobe ko jibi za ku riƙe takardar neman aiki.

Duk wadda ta tsaya a Ƙofar Jatau da sassafe za ta ga yadda zamani ya juya. Ga mata nan suna fitowa daga cikin birnin Zazzau, wasu sun nufi Tudun Wada, wasu Sabon Gari, wasu Kongo ko Samaru. Akwai masu shara a makarantu da asibitoci, da masu buga takardu a ofisoshi, da masu tsaron kanti. Amma idan kin tambayi da yawansu kwana nawa ne hutunsu a shekara, sai su ce sai abin da mai wurin ya ga dama. To, rashin sani ya fi dare duhu. Hutu yana cikin doka, kuma ya kamata ki san rabonki.

Dokar da ake magana ita ce Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, kuma har yanzu da ita ake aiki. Sashe na 18 ya ce duk wadda ta yi wata 12 a jere tana aiki, tana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashinta. Idan ba ta kai shekara 16 da haihuwa ba, to kwana 12 ne. Wannan shi ne mafi ƙaranci, watau mai wurin aiki yana iya ƙarawa, amma ba ya iya ragewa. Ana iya ɗaga hutun idan ku biyu kun yarda, sai dai kada tarin ya wuce wata 24. Haka kuma laifi ne ya ba ki kuɗi a madadin hutu muddin kina nan bakin aikinki, domin abin da doka ke so shi ne jikinki ya huta.

Ban da wannan, a kowane kwana 7 kina da yini ɗaya na hutu, awa 24 cur. Idan kuma ciwo ya kwantar da ke, sashe na 16 ya ba ki har kwana 12 a shekara da albashi, amma fa sai da takardar likita mai rajista. Don haka idan kin je asibiti kada ki fito hannu rabbana, ki roƙi takarda.

Yanzu sai babbar magana, watau hutun haihuwa. Sashe na 54 ya ce idan likita ya rubuta cewa saura mako 6 ki sauka, kina da ikon barin aiki ki zauna gida. Bayan kin haihu kuwa, ba a yarda ma ki yi aiki ba sai mako 6 sun cika. Ki lissafa, mako 6 kwana 42 ke nan, watau ya rufe kwana arba'in ɗin wankan jego da iyayenmu suka saba. Idan kin kai wata 6 a wurin kafin ki tafi, dole a biya ki aƙalla rabin albashinki, kuma ba a yarda a miƙo miki takardar sallama kina cikin wannan hutu ba. Bayan kin koma, kina da rabin awa sau biyu a yini domin ki shayar da jaririnki. Sai dai ki sani, doka ba ta ɗora wa mai wurin aiki kuɗin awo da na haihuwa ba.

Ma'aikatan gwamnati sun fi haka samu. Na gwamnatin tarayya suna da mako 16, kuma a 2021 aka amince wa maza da kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Jihar Legas ta kai hutun haihuwa wata 6 a 2014, mu ma nan Jihar Kaduna an amince da wata 6 ga ma'aikatan jiha a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023. Dalili kuwa shi ne likitoci sun yi ittifaƙi cewa nonon uwa zalla ya fi wa jariri amfani a wata shidan farko.

Sai ranakun hutun ƙasa, waɗanda ke da tasu dokar daban ta 1979. A ciki akwai Ƙaramar Sallah, da Babbar Sallah, da Mauludi, da Kirsimeti, da Juma'a da Litinin na Ista, da ranar 1 ga Janairu, da ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoba. Ranar Dimokuraɗiyya a da 29 ga Mayu ce, amma tun 2019 ta koma 12 ga Yuni. Ranar Ma'aikata kuwa, 1 ga Mayu, daga Arewa ta fara: gwamnatin Abubakar Rimi ta Jihar Kano ce ta fara ba da hutunta a 1980, sannan ta game ƙasa duka a 1981. Ranakun Sallah da Mauludi ba su da tsayayyen lokaci a kalandar Bature, shi ya sa Ministan Harkokin Cikin Gida ke sanar da su kowace shekara.

Akwai ayyukan da ba sa tsayawa ko ran Sallah, kamar na asibiti. Idan naki irinsa ne, watakila ana can ana kallon hawan Sarkin Zazzau ke kina bakin aiki. Doka ba ta yanke nawa za a biya ki a irin wannan rana ba, saboda haka tun farko ki tambaya: kuɗi za a ƙara miki, ko wata rana za a ba ki a madadi?

Wannan ya kawo mu kan takarda. Sashe na 7 ya wajabta wa mai wurin aiki ya ba ki takardar sharuɗɗan aikinki cikin wata 3 da kamawa, a rubuce da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da abin da za a yi idan kin yi ciwo. Wannan takarda tana da muhimmanci ƙwarai, domin Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Manyan ma'aikata da ƙwararru, abin da ke cikin takardarsu da ƙa'idojin wurin aikinsu ne madogararsu. Tun ran gini, ran zane. Ki karanta kafin ki sa hannu, idan Turancin ya yi miki nauyi ki kai wa wanda zai fassara miki, ki kuma ajiye kwafinki a ƙasan akwati tare da takardun makaranta.

Idan an hana ki haƙƙinki, kada ki fara da faɗa. Ki rubuta takarda cikin ladabi, ki sa kwanan wata, ki riƙe kwafi. In ba a saurare ki ba, ki je wa ƙungiyar ƙwadagon wurinku idan akwai, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna. Can gaba kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ma tana zama a Kaduna. Ke ma ki riƙe amana, ki nemi hutu da wuri, ki dawo ranar da aka yanke.

Ke kuma uwargida da kike da mai taya ki aikin gida, ki tuna ita ma tana da iyaye da take son yi wa barka da Sallah. Ki ware mata ranar hutu, kada ki yanke mata ko kwabo, ba sai wata hukuma ta tilasta miki ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku da yayyenku wannan shafi. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, amin. Sai mako mai zuwa.