Yaron Batman da amanar da ke wuyan ubangida

A tashar Kawo, inda motocin Zariya da Kano suke lodi, ba ka rasa ganin yaro sanye da riga mai hoton jemage a ƙirji. In ka tambaye shi zai ce maka Batman ne. Da wuya ya san cewa jarumin nan yana da yaro, kamar yadda direba yake da karen mota, kuma labarin yaron ya fi na maigidan ɗaci.

Robin ake kiran yaron. Kamfanin DC Comics na Amurka ya fito da shi a 1940 a littattafansa na labarin zane, domin Batman ya sami abokin magana, yara masu karatu kuma su sami sa'ansu a cikin labarin. Robin na farko, Dick Grayson, maraya ne mai ladabi. Na biyu, Jason Todd, shi ne abin dubawa.

Yadda marubuci Max Allan Collins ya tsara asalinsa a 1987, Batman ya ajiye motarsa a wata unguwar ɓata-gari ta birnin Gotham, ya dawo ya tarar an kwance mata tayoyi. Ɓarawon yaro ne marar kowa: uwar da ta rene shi ta rasu, uban ya ɓace. Batman ya fara kai shi makarantar wata tsohuwa, Ma Gunn, ashe sata take koya wa yaran. Daga nan ya ɗauke shi gida, ya ci da shi, ya horar da shi, ya ba shi kayan Robin.

Kowa zai zaci ɗan titi ne zai ci amanar mai arziki. Ba haka aka yi ba. Batman ya san cewa mugun nan Two-Face ne ya kashe mahaifin Jason, ya ɓoye masa, sai yaron ya gano da kansa a kwamfutar maigidan. A 1988 kuma, a labarin da Jim Starlin ya rubuta, Jim Aparo ya zana, Jason ya gano cewa wadda ta rene shi ba ita ta haife shi ba. Ya bi sawu har Habasha, ya sami mahaifiyarsa, Sheila Haywood, tana aikin agaji a sansanin masu fama da yunwa. Ya buɗe mata sirrinsa. Ita kuwa tana wawure kuɗin agajin, tana tsoron asirinta ya tonu, sai ta miƙa ɗan cikinta ga mugun nan Joker. Ya lakaɗa masa duka da sandar ƙarfe, ya kulle su biyun a sito da bam. Duk da haka yaron ya yi ƙoƙarin kare ta da jikinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba a cikin littafin ya faru ba. Kamfanin ya ba da lambobin waya biyu, ya ce masu karatu su zaɓa ko yaron ya rayu ko ya mutu. Kira 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce a bar shi. Da ratar 72 aka kashe shi, wai ya cika tsiwa da taurin kai.

A ganina cin amanar farko ta riga duk waɗannan. Babba ne ya ɗauki yaron da bai gama mallakar hankalinsa ba, ya sa shi aikin da ake mutuwa a cikinsa, ya kira abin taimako. A garejojin Kawo da shagunan kasuwarta kullum kukan ɗaya ne: yaran yanzu ba amana, wane ya gudu da kuɗin ciniki, wane ya sayar da kayan gyara. Ana yi, ba musu. Sai dai ranar da uba ya kawo ɗansa wurin bakanike, cewa yake yi ga amana nan, kuma maigidan yake faɗa wa, ba yaron ba. Ba kasafai ake zancen ubangidan da ya mori yaro shekara da shekaru, ya ɓoye masa sirrin sana'a, ya ƙi yaye shi, ko ya tura shi aiken da ba zai tura ɗansa ba.

A 2005 marubuci Judd Winick ya dawo da Jason da rai, da sunan Red Hood, yana ɗauke da bindiga. Bai zargi Batman da kasa cetonsa ba. Abin da ya ci masa rai shi ne Joker yana nan da ransa, kuma maigidan ya riga ya sa wa wani yaro, Tim Drake, kayan Robin ba da daɗewa ba bayan binne Jason.