Abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi kayan lanƙwasa fallen tagulla

Wanda ya yi ƙuruciya yana ƙera motar kara ko ta gwangwanin madara ba zai sha wahalar gane wannan sha'awa ba. A Japan da Turai da Amurka da Sin, manya da furfurarsu ne suke zama su harhaɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi da jiragen ruwa na roba, kowanne kwafin wani ne na gaske da aka rage bisa ma'auni. Kamfanoni irin su Tamiya da ke Shizuoka a Japan da Airfix na Ingila suna sayar da su a kwali, gutsure-gutsure, mai saye ya yanka, ya manna, ya yi fenti. In ka ga an rubuta 1/35 a jikin kwali, ana nufin an rage abin sau 35 ke nan. Tankoki sun fi zuwa a 1/35, jiragen sama a 1/72 ko 1/48, jiragen ruwa kuma a 1/350 ko 1/700.

Sai dai roba tana da iyaka. Injin da ke zuba ta ba ya iya fitar da abu siriri ƙwarai. Madigadin tanka da aka zuba da kaurin milimita 1, in aka mayar da shi girman gaske, ya zama faranti mai kaurin milimita 35, abin da babu maƙerin da zai ɗora a kan taya. Haka shingen ƙarfe na gefen jirgin ruwa: mai tsayin mita 1, a ma'aunin 1/700 bai kai milimita 1 da rabi ba, ga shi kuma da sanduna a jere. Wannan ne ya sa aka koma ga ƙarfe. Ana samun falle siriri, yawanci na tagulla, wani lokaci na farin ƙarfen da ba ya tsatsa, kaurinsa tsakanin milimita 0.1 zuwa 0.3. A shafe shi da sinadari mai jin haske, a haska masa hoton zanen, sannan a tsoma shi a ruwan da ke cin ƙarfe. Inda zane ya rufe ya tsira, sauran ya narke. Da irin wannan dabara ake yin allon da ke cikin rediyo da wayar hannu. A jikin kwali za ka ga an taƙaita sunan irin waɗannan sassan ƙarfe da haruffa biyu, PE. Kamfanin Eduard na ƙasar Cek, wanda aka kafa a 1989, da Aber na Folan suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni.

Abin da ke fitowa daga leda a shimfiɗe yake kamar takarda. Akwatin harsashi, kujerar matuƙin jirgi, matakala, duk kai ne za ka lanƙwasa su da hannunka su tashi tsaye. A nan ne sabon shiga yake fara tambayar wane kayan aiki zai saya, a nan ne kuma kuɗi suke yawan zubewa a banza.

Kafin maganar saye, a fahimci halin ƙarfen. In ka kai fallen kusa da fitila ka karkata shi, za ka ga wasu layuka sirara da sinadarin ya ci rabin kaurinsu kawai, bai huda ba. Waɗannan su ne magaɓar lanƙwasa. A mafi yawan lokuta tsagin yana zama ta ciki ne, wato ka naɗe ɓangarorin biyu su nufi juna ta gefen da tsagin yake, ko da yake in za a ninka abu biyu ya kwanta a kan kansa akan bar tsagin ta waje, don haka takardar umarni ce alƙali. To, wannan magaɓa rabin kauri gare ta, ita kuwa tagulla duk lokacin da aka lanƙwasa ta ƙara tauri take yi a daidai wurin. Ka lanƙwasa sau ɗaya, lafiya lau. Ka ga bai yi ba ka miƙar, ka sake, watakila ka tsira. A karo na uku galibi sai ka ji ɗan ƙas, abu ya rabu biyu a hannunka, kuma sau da yawa guda ɗaya tak kamfani ya saka. Saboda haka abin da ake nema a wurin kowane kayan lanƙwasa shi ne ya riƙe gefe guda gam, a daidai kan layi, domin lanƙwasar farko ta zama ita ce ta ƙarshe. Kayan da ya yi wannan ya biya kuɗinsa ko da na naira kaɗan ne. Wanda bai yi ba, tsadarsa ba ta da amfani.

Mafi araha shi ne abin da ke gida: rula ta ƙarfe, reza mai baki ɗaya, da guntun tayil ko gilashi mai santsi. Ka kwantar da ɗan ƙarfen a kan tayil, ka danne shi da bakin rula har layin lanƙwasa ya leƙo kaɗan daga ƙarƙashinta, ka zura reza a kwance ƙarƙashin ɓangaren da ya fito, ka ɗaga a hankali har ya miƙe. Rezar ce take ɗaga dukkan tsawon a lokaci guda, shi ya sa gefen yake fitowa a miƙe ba tare da tudu da kwari ba. Aibin wannan hanya ɗaya ne: hannun hagu yana danne rula, na dama yana riƙe da reza, ido yana kan layi, in rular ta zame ko da rabin milimita ne, lanƙwasar ta kauce. Ga ƙananan abubuwa tana wadatarwa. A kan dogon abu kuwa hannu yana gajiya kafin a gama.

Na biyu shi ne filaya mai shafaffen baki. A kula da kalmar shafaffe. Filayar masu gyaran babur tana da haƙora, kuma haƙoran nan za su bar tabo a jikin tagulla wanda fenti ba ya rufewa. Ana son mai lebur ɗin baki, wadda in ka rufe ta ka ɗaga ta sama haske ba ya ratsa tsakanin leɓɓanta, gefunanta kuma masu kaifin kusurwa ne, ba a dakushe ba. Tamiya tana yin irin wannan musamman domin wannan aiki. Ni a ganina, in mutum abu ɗaya kawai zai iya saya, to ya sayi filaya. Yawancin abin da ke kan falle ƙanana ne: maƙalai, ƙugiyoyi, ƴan akwatuna da ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Da filaya sai ka kama, ka tura da bayan reza ko ka danna a kan tayil, ka wuce na gaba. Ƙa'idarta dai ita ce kada layin lanƙwasa ya fi bakinta tsawo. In ya fi, tsakiya zai lanƙwashe gefe ya tsaya, abin ya murɗe.

Hantsaki ma yana shiga nan, mai faɗin baki, irin wanda ake gani a teburin masu gyaran waya da agogo. Yana da kyau ga abin da ya yi wa filaya ƙanƙanta. Amma mai tsinin baki yana da mugun hali: ka matsa kaɗan fiye da kima, ɗan ƙarfen ya yi tsalle ya bar teburin, in ya faɗa kan darduma ko tabarma sai dai haƙuri.

Sai babban kayan da aka fi talla, wato matsi. Faranti ne na alminiyom, a samansa akwai wani farantin da aka yanka wa yatsu masu faɗi daban-daban, gefe guda kuma dogon baki ne miƙaƙƙe, da abin murɗawa a tsakiya da ke danne na saman a kan na ƙasan. Kamfanin The Small Shop na Amurka ya fito da nasa da sunan Hold and Fold, Mission Models suka fito da Etch Mate, akwai na RP Toolz daga Hangari, kamfanonin Sin kuma sun cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi. Aikinsa aikin rula da reza ne, illa dai shi ya karɓi aikin hannun hagu. Ka zura ƙarfen ƙarƙashin yatsan da ya dace, ka ɗan murɗa ya kama sako-sako, ka gyara zaman layin da bakin allura har ka gamsu, sannan ka ƙarasa ɗaurewa. Yanzu hannayenka biyu a sake suke, kana iya ɗaga matsin gaba ɗaya ka duba a fitila kafin ka taɓa komai. Wannan damar ta dubawa kafin a lanƙwasa ita ce ainihin abin da kake biya wa kuɗi.

Amfanin yatsun yana bayyana wurin haɗa akwati. Ka ɗaga bango na farko da na biyu da ke fuskantarsa, to na uku fa? Rula ba za ta shiga tsakanin bangaye biyu da suka riga suka miƙe ba. Yatsan da faɗinsa ya yi daidai da cikin akwatin shi ne zai shiga ya danne ƙasa. Don haka kafin ka sayi matsi, dubi yawan yatsunsa da bambancin faɗinsu. Sannan ka ɗaure shi babu komai a ciki ka duba ko akwai inda bakin bai zauna a kan farantin ƙasa ba. Wanda aka yi da ganganci yakan kama a kusa da abin murɗawa ya saki a can ƙarshe, kuma a can ƙarshen ne dogon ƙarfe zai zame maka. Ana iya gwadawa da ƴar takarda: in ka ja ta fita salin-alin, matsin bai yi ba.

Girman da za a saya ya danganta da abin da mutum yake haɗawa. Mai jiragen sama, wanda yawancin aikinsa cikin ɗakin matuƙi ne, ƙaramin matsi na wajen inci 2 ya ishe shi, ko ma filaya kaɗai. Mai tankoki a 1/35 shi ne mai buƙatar dogo, domin madigadi da farantan gefe suna iya kaiwa santimita 15 ko fiye, kuma dole bakin matsin da rezar ɗagawa su kai tsawon layin. Mai jiragen ruwa kuwa abin da ya fi damunsa shinge ne da matakala, waɗanda ake lanƙwasawa a daidai kan sandar tsaye, kuma reza biyu ko ƙaramar filaya sun fi masa saurin aiki. Ban ga hikimar sabon shiga ya fara da mafi girma ba. Babban matsi yana da nauyin juyawa, ƙaramin abu kuma ɓacewa yake yi a kansa.

Duk waɗannan na lanƙwasa mai kusurwa ne. Abin da za a naɗe ya zama zobe ko bututu, kamar garkuwar salansa ko kwandon bayan tanka, ba ya son matsi sam. Shi sanda yake so. Gindin tsinken dirila, ƙusa mai santsi, allurar ɗinki, duk suna yi. Ka kwantar da ƙarfen a kan abu mai ɗan laushi irin magogin fensir, ka ɗora sandar a kai kana murzawa gaba da baya kana dannawa, za ka ga yana naɗowa da kansa. Fara da sanda mai kauri, ka sauko zuwa siririya, ka ƙare da wadda ta ɗan fi abin da kake so ƙanƙanta, domin ƙarfe yana ɗan buɗewa bayan an sake shi. In ya yi taurin kai, a yi masa abin da maƙeran tagulla suka daɗe da sani: a gasa shi a harshen wuta har ya fara yin ja, a bar shi ya huce, sai ya yi laushi. Amma a yi hattara. Siririn raga ko ɗan mitsitsin abu narkewa yake yi nan take, wanda aka gasa kuma yana saurin lotsewa, sassan da suka zo da fenti daga kamfani, irin waɗanda Eduard ke yi, wuta tana ƙone musu fenti. Lanƙwasa mai layi ba ta buƙatar gashi ko kaɗan.

Akwai ɓarnar da ake ɗora wa kayan lanƙwasa alhali tun wurin yanka aka yi ta. In ka yanke ɗan ƙarfe daga fallensa a kan abu mai laushi, wuƙar tana danna shi ciki ya karkace kafin ya rabu. A yanka a kan tayil ko gilashi, da wuƙa mai zagayayyen baki, a danna kusa da jikin abin, yatsa ko ɗan salatif yana riƙe da shi kada ya tashi. Ɗan tsinin da ya rage a goge shi da magagari mai laushi, abin yana cikin bakin filaya, ana bin tsawon gefen. Idanu kuma a kiyaye su, domin gutsuren da ya yi tsalle kaifi gare shi. Tabarau mai ƙara girma yana maganin matsala biyu a lokaci guda: ya kare ido, ya kuma nuna ƙaramin abu sosai.

In siffar tana da lanƙwasa da yawa, zana ta a takarda da girma, ka yanka, ka gwada wace za ta riga wace. Takarda ba ta karyewa a karo na uku. Firam ɗin da ya rage bayan an cire sassa shi ma kada a yar, a kansa ake koyon hannu da gwada sabon kayan aiki.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya tanadi tayil da reza da rular ƙarfe, ya ƙara da filaya mai shafaffen baki, ya haɗa kwali ɗaya ko biyu da su. Ranar da ya ci karo da layin da ya fi bakin filayarsa tsawo, ya auna layin da rula, ya sayi matsin da ya kai wannan tsawon.