Shinge mai rai a ƙasar Arewa

A watan Afrilun 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, mutanen Sarauniya Mangu sun ja da baya ne zuwa cikin kurmi mai sarƙaƙiya, inda harsashi bai yi wa Faransawa wani amfani sosai ba. Dajin da ya ba su mafaka ya sirance a yau. Gatari da fari sun ci rabonsu, haka ma wata al'ada da ba a cika kula da ita ba: saran ƙaya da rassa kowace shekara don kewaye garka.

Duk mai noman rani a kwarin Dallol Mawri, daga Dogondutsi har Tibiri, ya san wahalar. Ana gama girbi sai a saki dabbobi. Darnin kara ba ya daɗewa. Gara ta ci gindinsa, akuya ta ƙarasa saura. Baɗi kuma a sake sabo.

Alhali maganin yana nan tun kaka da kakanni: shinge mai rai. Aguwa ba ta neman iri ko ban ruwa: a sari reshe da bazara, a kafa shi a ƙasa, ya kama da ruwan farko, kuma dabba ba ta son farin ƙaronta. Aibinta ɗaya, tana zubar da ganye da rani. Lalle kuwa, in ya samu laima, kore yake zama, yana jure aski, mata kuma su sayar da ganyensa a kasuwa. Magarya da bagaruwa suna tsare garka da ƙayarsu, ɗaya ta ba da 'ya'yan ci, ɗayar ta ba majema abin jima.

Anza ta fi su ban sha'awa. Ko a tsakiyar bazara shar take a kan fako, kuma dilonta, wato ƙwayar 'ya'yanta, bayan an jiƙa shi kwanaki ɗacin ya fita, ya ceci gidaje da dama a shekarun yunwa. Sai dai ba ta saurin girma.

Furannin ado da ake gani a katangun Yamai, irin su buganbiliya da asalinta Kudancin Amurka ne, suna da kyau ba shakka. Amma a ƙauyen da ake jan ruwa da guga daga rijiya mai zurfi, ba su ne abin fara dasawa ba.

Masu gandun renon itatuwa a jihar Doso, in 3 ga Agusta ta zagayo, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, ku sa lalle da magarya da anza cikin abin da za ku raba wa manoma.