Sauya Masaukin Shafin Intanet: Yaushe Dokokin Mai Gida Suka Isa Dalilin Tashi?

Gabatarwa

Duk shafin da mutum ya buɗe a intanet, akwai wata na'ura mai ƙwaƙwalwa a wani wuri da take ɗauke da shi, wadda ba a kashe ta dare da rana. Ita ce ake kira saba. Kamfanonin da suka mallaki irin waɗannan na'urori suna ba jama'a hayar wuri a cikinsu, kuma su ne zan riƙa kira masu masauki a wannan maƙala. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa tana da ɗan shafi inda muke son zuba tsofaffin fitowar wannan mujalla da muryoyin da ɗalibai suka ɗauko a wajen bincike, to amma mai masaukinmu ya kulle wasu saituna da muke buƙata. A kwamitin da nake ciki, wasu sun ce mu tashi, wasu sun ce mu yi haƙuri. Zan yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu abin da ke cikin wannan lamari, domin duk ɗalibin harshe da ya yi niyyar sa aikinsa a intanet zai ci karo da shi.

Me ya sa ake kulle saituna?

Masauki mafi araha shi ne na tarayya, wato saba ɗaya da shafuka masu yawan gaske suke zaune a cikinta, tamkar gidan haya mai ɗakuna barkatai da famfo ɗaya. Idan ɗan haya guda ya janye ruwan duka, sauran sun shiga uku. Saboda haka mai gida yake ƙayyade abin da kowa zai iya taɓawa. Ba mugunta ba ce a mafi yawan lokuta.

Manhajar da ta daɗe tana tafiyar da irin waɗannan sabobi ita ce Apache, wadda ta fito a 1995. Tana da wani ɗan fayil mai suna .htaccess, wanda ɗan haya yake rubuta umarninsa a ciki ba tare da ya taɓa saitin gidan gaba ɗaya ba. Amma fayil ɗin ba ya aiki sai mai gida ya yarda, ta hanyar wani umarni da ake kira AllowOverride, kuma a Apache 2.4 a kulle yake zuwa sai an buɗe shi. Wata manhajar kuwa, Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, ba ta ma karanta wannan fayil ko kaɗan. Wannan abin lura ne, domin mutum yana iya tattara kayansa ya koma wani masauki saboda .htaccess, ya je ya tarar can babu shi sam.

Batun baƙaƙe masu lanƙwasa

A nan ne abin ya fi shafar mu. Tsohon tsarin haruffa na Latin-1 yana da gurbi 256 kacal, kuma babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu. Shi ya sa a da malamanmu suka dogara da nau'o'in rubutu na musamman irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Sun yi amfani ƙwarai wajen buga littattafai, sai dai dole wanda zai karanta ya kasance yana da su a tasa na'urar. Tsarin Yunikod ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da 595, ɗ tana da 599, ƙ kuma 409. Hanyar da aka fi bi wajen adana waɗannan lambobi ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, kuma a cikinta kowane ɗaya daga baƙaƙen nan uku yana cin baiti biyu.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin saba ta miƙa wa burauza shafi, takan aika da ɗan bayani a kan gaba, ciki har da tsarin haruffan da za a karanta shafin da shi. Idan saba ta ce Latin-1 alhali da UTF-8 aka rubuta shafin, sai burauza ta ɗauki baiti biyun nan ɗai-ɗai, kowane a matsayin harafi mai zaman kansa. Nan take ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Kuma maganar saba tana gaba da abin da marubuci ya sa a goshin shafinsa, don haka ko ya rubuta cewa UTF-8 ne, ba za a saurare shi ba. Layi ɗaya a cikin .htaccess, wato AddDefaultCharset UTF-8, ya isa ya gyara wannan, in da an bar ƙofar a buɗe.

Wani zai ce a cire lanƙwasar mana a huta, ai Bahaushe zai gane. Gaskiya ne, wanda ya sha harshen a nono zai gane daga yanayin magana. Amma mu da muka koyi Hausa a aji, lanƙwasar nan ce take raba mana kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa. Haka kuma alamomin karin sauti da na tsawon wasali da muke gani a ƙamusoshi, su ma sai da Yunikod suke fita daidai. Shafin koyon harshe da ya zubar da waɗannan bai yi mana aikin komai ba.

Duk da haka, a ganina wannan matsala ita kaɗai ba ta kai a tashi ba. Umarnin saba yana hawa ne kawai kan shafin da bai faɗi tsarinsa ba a cikin bayanin kan gaba, kuma shafin da aka gina da harshen PHP yana iya aika nasa bayanin da kansa. Tun ma daga PHP 5.6 na shekarar 2014, UTF-8 ne yake aikawa idan ba a sauya ba. Shafin da ba na PHP ba kuwa, ana iya rubuta lambar harafin a maimakonsa, misali &#409; a gurbin ƙ. Akwai wahala, amma yana fita.

Rumbun bayanai ya fi wannan haɗari. Manhajar MySQL ta daɗe tana zuwa da latin1 a matsayin tsarinta na asali, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 aka mayar da shi utf8mb4. Idan aka tura ƙ cikin teburin da yake kan latin1, ana iya maye gurbinta da alamar tambaya, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Æ™ ana iya dawo da ita ƙ domin baitocin suna nan, amma alamar tambaya ba ta faɗa maka ko ɓ ce ko ɗ ce ta mutu a wurin. Abin daɗin shi ne, tsarin haruffan teburi yana hannun mai shafi, yana iya sauya shi ta phpMyAdmin ba sai ya nemi izini ba. A dai ɗauki kwafin rumbun kafin a taɓa.

Girman fayil

Saitin PHP na asali yana barin a ɗora fayil da bai wuce megabait 2 ba, kuma aiki ya tsaya bayan daƙiƙa 30. Minti ɗaya na murya a tsarin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10, a MP3 na 128 kuwa kimanin megabait 1. Ke nan hirar rabin awa da wani dattijo ba za ta shige ta wannan ƙofa ba. Sai dai iyakar ta shafi ɗorawa ta burauza ne kawai. Ana iya bi ta FTP, wasu masaukan suna karɓar fayil mai suna .user.ini don ɗaga iyakar, ko kuma a ajiye muryoyin a Internet Archive a jawo su daga can.

Abubuwan da suka isa dalili

Akwai ƙuntatawar da babu dabarar da za ta kewaye ta. Ta farko ita ce tsohon PHP da mai gida ya ƙi sabuntawa. An daina yi wa 5.6 gyaran tsaro a ƙarshen 2018, 7.4 kuma a Nuwamban 2022, don haka wanda aka tilasta wa zama a kansu yana kwana ne ƙofa a buɗe. Ta biyu ita ce takardar shaidar tsaro ta HTTPS. Let's Encrypt ta fara ba da ita kyauta tun 2015, kuma daga Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Mai masaukin da ya hana ta kyauta don ya sayar da tasa, ni dai ban ga abin zama da shi ba. Sannan idan ba ya barin mutum ya sauke cikakken kwafin fayilolinsa da rumbunsa, wannan ma ya isa, kuma gara a gano haka tun ana shiri da juna.

Wasu a kwamitinmu sun kawo shawarar mu kama VPS, wato yankin saba da mutum yake da cikakken iko a kansa. Ikon yana da daɗi, amma duk aikin da mai gida yake yi sai ya dawo kanka: sabunta manhaja, toshe kafar ɓarayi, ɗaukar kwafi, tayar da saba in ta faɗi cikin dare. Mu kuwa ɗalibai ne, shekara huɗu mu wuce. Wanda ya iya yau, baɗi yana bautar ƙasa a wata jiha, shafin ya zama maraya. Ga kuma batun kuɗi, domin masaukin waje da dala ake biya, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023. Kuɗin shekarar farko ma yakan zama na talla, na sabuntawa shi ne na gaskiya.

Abin da na ba kwamiti shawara shi ne a rubuta wa mai masaukinmu tambayoyi ƙarara: wane PHP ne mafi sabo da zai ba mu, zai kunna mana HTTPS kyauta, kuma zai buɗe .htaccess ko kuwa shi zai sa mana layukan da kansa? Sau da yawa abin da aka kulle wa kowa ana buɗe wa wanda ya tambaya. Idan amsar biyun farko a'a ce, mu koma wani masaukin tarayya, bayan mun gwada shi da shafi ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu.

In tashin ya tabbata, a tuna cewa sunan shafi daban yake da masauki. Sunaye masu ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar NiRA, kuma ana iya juya suna zuwa sabuwar saba ba tare da an sauya shi ba, muddin da sunan sashe ko ƙungiya aka yi rajistarsa, ba da na wani ɗalibi da ya gama ya tafi ba. A kwafe komai zuwa sabon wuri, a buɗe tsofaffin maƙalu a duba baƙaƙensu ɗaya bayan ɗaya, sannan a juya sunan. Tsohon masaukin kuma kada a rufe shi sai bayan 'yan makonni, domin na'urorin da ke nuna hanya a intanet sukan riƙe tsohon adireshi na ɗan lokaci, kuma wasiƙun da aka aiko a tsakanin can za su sauka.