Yadda Zaki Ya Kan Zaɓi Abin Farauta

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa tunani, me ya sa zaki ya kan ƙyale wata dabba ya bi wata? Bari mu duba dajin Waza, arewa da Marwa, wanda aka keɓe domin namun daji tun 1934.

Zaki ba ya farauta da ka. Abu uku ya ke aunawa: yawan nama, da wahalar kamu, da hatsari. Zomo ba ya ƙosar da shi, giwa kuwa ta fi ƙarfinsa. Saboda haka ya kan nemi na tsakani, watau mariya, da gwanki, da gadu. Cikin garke kuma ya kan zaɓi gurgu, ko ƙarami, ko wanda ya ware.

Da rani namun daji su kan taru a bakin tafki, shi kuwa ya laɓe musu a nan. Da damina su kan watse, sa'an nan ya kan fito ya nufi shanun makiyaya. Bayan an gina madatsar Maga a 1979, ruwan da ke malala fadama ya ragu, mariya ta yi ƙaranci ƙwarai. Saniya kuwa ba ta da gudun mariya.

To, ɗan'uwa, ko a Kaele ka sayi shanunka ko a Garwa, idan kiwo ya kai ka kusa da wannan daji, ka yi shingen ƙaya mai ƙarfi. Kada ka bar yaro shi kaɗai da garke, kada saniya ta kwana a waje. Gama abin da ya fi sauƙi, shi zaki ya ke ɗauka.