3.4 Dabarun Gida na Haskaka Haƙora a Garin Zuru

A wannan sashe za a duba dabarun da mutanen garin Zuru da kewaye suke bi a cikin gida domin haƙoransu su yi fari cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, tare da bayanin abin da kowace dabara take yi wa haƙori. Zuru ita ce hedikwatar Masarautar Zuru a kudu maso gabashin Jihar Kabi, jihar da aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cuɗanya a wannan yanki, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa. Saboda haka dabarun da za a ambata ba na ƙabila ɗaya ba ne, kuma da sunayensu na Hausa aka kawo su.

Ya kamata a lura cewa ba kullum farin haƙori yake zama ado ba. A ƙasar Hausa ta dauri mata sukan goga furen taba a haƙora, su haɗa da cin goro, har haƙoran su rine su yi ja, kuma kwalliya ake ɗaukar wannan. Yanzu ido ya sauya. Idan biki ya ƙarato, ko salla, ko kirsimeti, ko Uhola, sai a ga budurwa ko saurayi yana neman abin da zai wanke masa dattin shekara guda a dare ɗaya.

Dabarar da ta fi daɗewa ita ce asawaki. Ana yanko shi daga reshe ko saiwar itatuwa irin su marke da ƙirya da shuwaka da dogon yaro, a tauna bakinsa har ya yi laushi kamar buroshi, sannan a yi ta goga haƙora da shi. Shi dogon yaro ma baƙo ne, domin a cikin shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi Arewacin Nijeriya, asalinsa kuwa ƙasar Indiya. Ga Musulmi, asawaki sunna ce da hadisai ingantattu suka kwaɗaitar a kanta kafin kowace salla. Aikinsa shi ne kankare dattin abinci da launin da goro da taba da shayi suke bari a bayan haƙori. Sai dai aikin nasa a hankali yake tafiya, sai an lizimce shi kullum. Wannan ne ya sa mai gaggawa ba ya tsayawa a kansa.

Mai gaggawa gawayi yake nema. Akan daka shi ya yi laushi, a sa ɗan gishiri, a lakata da yatsa a dirje haƙora. Wasu toka suke amfani da ita, wasu kanwa, akwai ma masu niƙa fasasshen tangaran su goga garinsa. Daga baya sai aka samu ƙari: a matse lemon tsami a cikin garin nan na masu yin kek da ake kira bekin soda, idan ya yi kumfa a shafa. Wannan haɗi na ƙarshe ya bazu ne ta hanyar bidiyon da ake turawa a waya. Waɗannan suna iya sa haƙori ya yi kamar ya yi haske nan take, shi ya sa da wuya a raba mutane da su.

Domin a gane inda gizo yake saƙar, dole a san yadda haƙori yake. A wajensa akwai wani ɓawo mai ƙyalli wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashin wannan ɓawo akwai wani sashe mai kama da ƙashi, launinsa ɗorawa-ɗorawa ne, kuma cike yake da ƙananan hanyoyi da suke kaiwa ga jijiyar haƙori. Hasken haƙori ya dogara ne a kan kaurin ɓawon. Garin tangaran da gawayin da bai daku ba suna kankare datti, amma tare da dattin suke kankare ɓawon, kamar yadda toka da yashi suke cin gindin tukunya idan an cika dirza. Lemon tsami kuwa narkar da shi yake yi. A ma'aunin tsami na masana kimiyya, inda ƙaramar lamba take nuna tsananin tsami, ɓawon haƙori yana fara narkewa idan aka yi ƙasa da 5.5, shi kuwa ruwan lemon tsami yana wajen 2 ne zuwa 3. Abin da Bahaushe yake cewa haƙoransa sun mutu bayan ya sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro, alama ce ta wannan aiki na tsami. Babban abin damuwa shi ne ɓawon ba ya sake tsirowa kamar farce ko gashi. Idan ya yi siriri sai launin ɗorawa na ciki ya fito, mutum ya ga haƙoransa sun ƙara dishewa, ya ƙara dirza, daga nan ruwan sanyi na randa ma ya gagare shi sha.

A shekarar 2017 mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙora ta Amurka ta buga wani nazari da ya bi diddigin binciken da aka yi a kan gawayi, inda ya nuna babu isasshiyar hujja cewa yana haskaka haƙori ko kuma ba ya cutarwa. A ganin mai wannan bincike, bekin soda shi kaɗai, ba tare da lemo ba, shi ne mai sauƙin illa a cikinsu, domin garinsa ba shi da kaifi sosai. Toka da kanwa kuwa suna iya ƙona dasashi.

Akwai kuma launin da babu dabarar gida da za ta taɓa shi, domin a cikin haƙorin yake. Yaron da aka riƙa ba kafson tetarasayikilin, wato kafson nan mai ja da ɗorawa, kafin ya kai shekara 8, haƙoransa na dindindin suna iya fitowa da launin toka ko ƙasa-ƙasa. Haka nan yaron da ya tashi yana shan ruwan rijiya ko burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid yakan samu ɗigo-ɗigon fari ko ja a haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada sinadarin ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Irin waɗannan mutane su ne gawayi da lemo suka fi yi wa ɓarna, domin sukan yi ta dirza suna zaton datti ne. Shi ma dattin da ya daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙori ba ya fita da asawaki ko buroshi, sai likitan haƙori ya sa ƙarfensa ya ɓamɓare shi a asibiti.