Me ya sa kafasita ke zafi har ta kumbura a cikin talabijin da kwamfuta?

Talabijin ya fara jinkirin kamawa, jar fitilarsa tana ta ƙyaftawa, sai an kashe an kunna sau uku kafin hoto ya fito. Sau da yawa laifin na kafasita ne, wato 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon da ke raba wuta.

Aikin kafasita shi ne daidaita wuta. Akwai wani ruwa a cikinta, zafi kuma busar da shi yake yi. Da zarar ya ragu sai ta riƙa turje wa wutar, turjiyar ta ƙara mata zafi, har kanta ya kumbura ko ta fara yoyo.

Masu ƙera ta sun ce duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana rage rabin rayuwarta. Wadda za ta yi awa 2,000 a digiri 105 za ta iya kai awa 32,000 a digiri 65. Shi ya sa ƙurar hunturu da ke toshe fanka da kafofin iska ba ƙaramar illa take yi ba.

Wani lokaci kuma daga masana'anta matsalar take. Tsakanin 1999 da 2007, kafasitoci masu gurɓataccen ruwa, akasari ƙirar Taiwan, sun lalata kwamfutoci a faɗin duniya. A 2005 kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 don gyaran nasa.

Abin da mai gyara zai duba

Da farko a zare wuta, a sauke cajin babbar kafasita, domin takan riƙe sama da bolt 300 ko bayan an kashe na'ura.

Sannan a gwada kowacce da mitar ESR, don wata takan lalace ba tare da ta kumbura ba. A duba ko an juya ƙafafunta, ko wutar da ke shigarta ta wuce adadin da ke jikinta, ko ta jingina da ƙarfen da ke kwashe zafi. Diyod da ya ƙone ma yakan dafa ta.

A wajen canji, a sa mai adadin mikrofarad iri ɗaya, mai jure digiri 105, wadda bolt ɗinta bai gaza na tsohuwar ba. Idan sabuwar ma ta yi zafi, akwai sauran aiki a allon, kada a rufe na'urar.